Yarona zai gama WAEC, abokansa sun kama gida a Lekki

Wata uwa daga Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Yaron wajena mai shekara 17 zai rubuta takardarsa ta ƙarshe ranar Juma'a. 'Yan ajinsu sun yi karo-karo, sun kama gidan kwana ɗaya a Lekki, wai da safe su wuce bakin teku. Ba malami, ba babba ko ɗaya. Babansa yana hanyar Kano da tirela, a waya ya ce ba inda za shi. Yaron bai taɓa ɗaga min murya ba, amma tun jiya tuwonsa yana nan a rufe, farar rigar da ya saya don abokai su yi masa rubutu kuma tana rataye bayan ƙofa. In na hana shi, ina tsoron ya sulale. In na bar shi, ban san me zai sha ba. Yaya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya, Mushin: Hajiya, abin da za a zuba masa a kofi ne abin tsoro a wajen nan. Akwai haɗin da yaran Legas ke kira sikushi, ja ne kamar zoɓo, da sanyi da zaƙi, amma an dama tiramadol da maganin tari mai kodin da ruwan wiwi a ciki. Yaron kirki zai iya shanye kofi biyu yana zaton zoɓo ne. Tiramadol da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa har 225 ake samu, shi ya sa yake jefa yaro cikin jijjiga. Kodin kuma numfashi yake ragewa. Ki faɗa masa kada ya sha abin da ba shi ya buɗe murfinsa ba. In wani ya faɗi, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a kira lambar gaggawa 112 ko 767, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Wani dattijo, Idi-Araba: Ni ban ga abin shawara ba. Uba ya ce a'a, magana ta ƙare. A yi masa walima a gida a yi addu'a.

Matashi, Obalende: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a shekararmu waɗanda aka hana su ne suka ce za su kwana gidan aboki, kuma su suka fi kowa lalacewa a daren, don sun kashe waya. Mama, yaronki ba ƙwaya yake nema ba, so yake kada a ce ranar Litinin shi kaɗai ne babu a hoto. Ki bar shi ya yi rubutun riga da hotuna a makaranta, ya yi yinin, kwanan ne kawai ba za a yi ba. Ki kuma yi masa alkawari: duk lokacin da ya kira ya ce a zo a ɗauke shi, za a zo, ba faɗa sai gari ya waye. Da na samu wannan alkawarin da ban kwana inda na kwana ba.

Mai sayar da kaya, Alaba Rago: Kowa na maganar ƙwaya an manta da ruwan. Tekun Legas ba kogin ƙauye ba ne, igiyar tana jan ƙafa ta ƙasa ko da ruwan iya gwiwa ne. Balle yaron da bai yi barci ba.

Malamar sakandare, Agege: Maman yara, ki nemi lambar iyaye uku ko huɗu yau ɗin nan. Sau da yawa kowace uwa an ce mata sauran duk sun yarda. Ki tambayi wa ya biya kuɗin gidan, don masu gida ba sa ba wa ɗan shekara 17 makulli. Akwai wani babba a bayan abin, shi ya kamata ku sani. Tun 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da yin sa, amma kwalaben da muke sharewa bayan katanga ba daga sama suka faɗo ba. Masu 'ya'ya mata ma kada su saki jiki, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar ya nuna cikin masu shaye-shaye huɗu a Najeriya ɗaya mace ce.

Uwar da ta yi tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Malama, kin yi gaskiya: na kira iyaye huɗu, uku ba su ma san da kwana ba. Mun haɗa kuɗi za a kafa rumfa a layinmu ranar Asabar, da mai tsire da lemon kwalba, ƙanen babansa zai zauna da su har ƙarfe 9. Babansa ya amince. Yaron ya ce rumfa ta 'yan suna ce, amma ya ci tuwonsa, kuma ya tambaya ko zai iya gayyato mutum 20.