Wai zaman rukuni yana maganin tsoron kar a rabu da kai?

Bintun_Zariya:
Salam ƴan uwa dan Allah a bani shawara. An sa mana rana amma in na tura masa saƙo a WhatsApp naga ya karanta bai amsa ba sai gabana ya dinga faɗuwa, in ta kira, in ya ɗauka in hau shi da faɗa, daga baya in zauna ina kuka. Haka nayi da na farko har ya gaji. Naje wajen masaniyar halayyar ɗan adam tace in shiga zaman rukuni da matasa masu irin damuwata, ni kuwa ya zanyi in tona cikina gaban baƙin ido?

Malam_Sadiƙ:
Ƙanwata ba ke kaɗai bace. John Bowlby likita ɗan Ingila shi ya faro binciken shaƙuwar yaro da mai rainonsa, masaniyar halayyar ɗan adam Mary Ainsworth kuma taje Uganda a shekarun 1950 tana lura da jarirai da iyayensu mata. A 1987 wasu masana halayyar ɗan adam Hazan da Shaver suka nuna irin wannan salon yana fitowa a soyayyar manya, wani ya liƙe, wani da an matso shi sai ya ja baya. Amfanin rukunin shine halin zai fito a ɗakin, ranar da wata taƙi kallonki ranki ya ɓaci, mai jagorar zata tsaya daku a duba abin nan take.

Maman_Hanif:
Ni na taɓa shiga kafin aurena. Da farko wlh shiru nake, ina ta wasa da bakin mayafina. Sai wani saurayi yace shi in budurwarsa ta cika kira kashe wayar yake ya turata ƙarƙashin filo, ba ƙinta yake ba, ji yake kamar an shaƙe shi. Jikina yayi sanyi don ban taɓa jin abin daga ɓangarensu ba. Har yanzu tsoron yana zuwa amma ina iya jira ya dawo muyi magana.

Abba_Gusau:
Nidai batun sirri ne damuwata. Yaya Bintu ki tambayi masaniyar su waye a ciki, kar kije ki tarar da ƴar unguwarku, kuma ki tabbatar an kafa dokar rufin asiri tun ranar farko.

Bintun_Zariya:
Nagode sosai, zan tambayeta ranar Litinin. Maman Hanif ke kin faɗawa naki kina zuwa ko ɓoyewa kikayi?