Buhu Ashirin da Hotunan Gwauraye: Alheri ne ko Munafunci?

Bulus: Ina gaida iyaye da ƴan'uwa na wannan zaure. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wani ɗan kasuwa da ba sai na faɗi sunansa ba ya sa aka sauke buhu 20 na hatsi a harabar majami'a domin gwauraye da marayu, abin da ba ƙarami ba ne a wannan bazara da rumbuna suka yi ƙasa, tiya kuma ta yi tsada a kasuwar Tahoua. Sai dai kafin a kwance bakin buhu ko ɗaya, an jera matan cikin rana, kowace da kwanonta a hannu, aka yi ta ɗaukar su hoto, kuma kafin magariba hotunan sun bazu a Facebook. Ni dai a wurina wannan munafunci ne, kuma ba zai tsinana wa mai shi komai ba a ranar shari'a, domin a Matiyu sura 6 Yesu ya hana a busa ƙaho idan za a ba da sadaka, ya ce masu yin haka sun riga sun karɓi ladansu, har ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi.

Inna Rahila: Ɗana Bulus, ni ina cikin matan da aka jera, ta huɗu daga bakin ƙofa, mai jan mayafi. Kwana uku kafin ranar, kunu kawai jikokina suke sha safe da dare, amma a daren Lahadin na tuƙa tuwo har ƙaramin ya yi barci da loma a hannunsa. Ban ji daɗin tsayuwar rana ba, kuma na ja mayafi na rufe rabin fuskata, amma kafin ka kira mutumin nan munafuki ina so ka gaya mini mutum nawa daga cikin masu tsabtar zuciya suka ƙwanƙwasa ƙofata a watan nan.

Malam Yohanna: Inna, sannu da haƙuri. Bulus, ka kawo aya mai nauyi, amma ka ɗauke ta ita kaɗai. A cikin wa'azi guda da Yesu ya yi a kan dutse, a Matiyu 5:16, ya ce haskenmu ya haskaka a gaban mutane domin su ga kyawawan ayyukanmu su ɗaukaka Ubanmu na sama. Ashe ke nan ganin mutane ba shi ne laifin ba, laifin yana ga wanda ake nema wa ɗaukakar. Dubi kuma Ayyukan Manzanni: a ƙarshen sura 4 Barnaba ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni, a bainar jama'a, babu wanda ya zarge shi, a farkon sura 5 Hananiya da matarsa Safiratu suka yi irin wannan, suka faɗi matattu. Bitrus ya gaya wa Hananiya sarai cewa filin nasa ne, kuɗin ma a hannunsa suke, laifinsa shi ne ya ɓoye wani kashi ya nuna kamar duka ya kawo. Kalmar da aka fassara mana da munafuki, a Helenanci, wato harshen Girkawa da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, tana nufin ɗan wasan kwaikwayo, wato wanda yake nuna abin da ba shi ba ne. Idan ɗan kasuwan nan ya ce buhu 20 ya kawo, buhu 20 kuma aka raba, to ka same shi da son yabo, amma ƙaryar tana ina?

Bulus: Malam, ƙaryar tana cikin abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, inda aka ce an yi ne domin ɗaukakar Allah, alhali sunan shagonsa ya fi komai girma. Farisiyawa, wato malaman addinin Yahudawa, da Yesu ya kira fararen kaburbura a Matiyu 23 ba su yi ƙaryar adadi ba, har ganyen miya suna fitar wa zakka daidai wa daida, abin da suka bari shi ne adalci da jinƙai da aminci. Bulus manzo ma ya ce ko mutum ya rabar da dukan mallakarsa, in babu ƙauna, bai ƙaru da komai ba.

Tabita: Ku ba ni izini in kawo wani abu da ya daɗe yana cin raina, domin a ganina shi ne tushen gardamar. Ranar 17 ga Janairun 2015 ina karatu a Yamai, ranar da aka ƙona majami'u saboda zanen da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, kwana ɗaya bayan an fara a Zinder. Wanda ya ɓoye mu, ni da yayata da ƴaƴanta biyu, maƙwabcinmu ne Musulmi, tela. Ya shigar da mu ɗakin matarsa, ya ba mu hijabai, shi kuma ya fito da kekensa na ɗinki ƙofar gida ya zauna yana ta ɗinki kamar ba abin da ke faruwa, duk wanda ya tambaya ya ce masa iyalinsa ne kawai a ciki. Bai taɓa ba wa kowa labarin ba, kuma da na je yi masa godiya sai ya canza magana. A Matiyu 25, inda Yesu yake raba mutane a ranar shari'a kamar tumaki da awaki, ba a tambayi kowa majami'arsa ba, an tambaya ne game da mayunwaci da mai ƙishi da baƙo da huntu da mara lafiya da ɗan kurkuku. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne waɗanda aka karɓa ba su ma san sun yi ba, har suna tambaya yaushe suka ga Yesu da yunwa. Idan na auna telan nan da wanda ya jera iyayenmu a rana, hankalina ba ya kwanciya.

Baba Ishaku: Ƴata Tabita, Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, ban kuma da bakin da zan rage masa ko ƙwaya ɗaya. Yesu da kansa, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, Basamariye ya ɗauko, mutumin da Yahudawa ba sa ko shan ruwa da shi, ya sa shi ya taimaki wanda ƴan fashi suka raunata, ya bar firist da Balawe, masu hidimar Haikali, sun ratse sun wuce. Amma a matsayina na dattijo dole in ja hankalinku, kada mu mai da shari'ar Allah ma'aunin kasuwa, inda za a zuba alheri a gefe guda, zunubi a ɗaya gefen. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alherin Allah aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya, wasiƙar Yakubu kuma ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Mu biyun muke riƙewa. Game da inda telan zai tsaya da inda ɗan kasuwan zai tsaya, ba a ba ni wannan kujera ba, ba a kuma ba wa Bulus ba. A 1 Korintiyawa 4:5 an ce kada mu yanke hukunci tun lokaci bai yi ba, sai Ubangiji ya zo, shi ne zai tone nufin zukata.

Bulus: Baba, da girmamawa, idan haka ne ba za a taɓa tsawata wa kowa ba ke nan. Ai a Galatiyawa sura 2 Bulus manzo ya kira abin da Bitrus ya yi a Antakiya munafunci, lokacin da ya daina cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron mutanen da suka zo daga wurin Yakubu.

Malam Yohanna: Gaskiya ne, amma a fuskarsa ya faɗa masa, kuma aikin da ido ya gani ya tsawata, wato tashi daga akushi. Kai kuwa ka rubuta ne a zauren da mutumin ba ya ciki, ka kuma wuce aikin ka yanke masa makoma. Ba ina kwatanta ka da kowa ba ne, amma ni kaina nakan tsorata idan na tuna cewa a Yahaya sura 12 wanda ya fi kowa nuna kishin matalauta, har ya ƙiyasta kuɗin turaren Maryamu dinari 300, shi ne Yahuza Iskariyoti, mai riƙe da jakar kuɗi yana ɗiba. Zargin munafunci ma yana iya zama wasan kwaikwayo. Inda na yarda da kai shi ne jera matan a rana, wannan kam laifi ne da ba ya bukatar a leƙa zuciyar kowa, kuma mu da muka tsaya muna kallo ba mu fita ba.

Baba Ishaku: Ni ne na ba da izinin a yi rabon a harabar, kuma da na ga an fito da wayoyi ban ce uffan ba, don ina tsoron kada a mayar da buhunan mota. Wannan nawa ne, zan kuma faɗa a gaban dattawa.

Bulus: Ban janye ra'ayina game da Matiyu 6 ba, amma na karɓi gyaran Malam. Ranar Laraba zan same shi a shagonsa.

Inna Rahila: To ka biyo ta gidana mu tafi tare, kuma ka bar ni in fara magana, domin sai na yi masa godiya tukuna. Bayan haka zan gaya masa abin da ban faɗa muku ba ɗazu: jikata mai shekara 11 ta ƙi zuwa makaranta tun ranar Litinin, saboda wata yarinya ta ga hoton a wayar babanta, ta ce a gaban ƴan aji kakarta ta fito tana bara. Zan roƙe shi ya cire hoton, in kuma zai sake rabo, ya aiko yaransa da amalanke bayan isha'i, ai gidajenmu ba ɓoyayyu ba ne.