Soket ɗin DC mai zagaye yana zafi a amfiya 6: wanne ya kamata in sa?

Mai_Haɗa_Fitila ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina haɗa na'urar da za ta sarrafa tsirin fitilun LED mai tsawon mita 5, wanda yake cin wat 14.4 a kowace mita a kan bolt 12, wato kimanin amfiya 6 gaba ɗaya. Na sa soket mai zagaye na milimita 5.5 da tsinken tsakiya 2.1, amma idan fitilun suka jima a kunne sai bakinsa ya yi zafin da ba ya taɓuwa, har robar da ke riƙe da tsinken ta fara laushi. Shin komawa mai tsinke 2.5 zai magance matsalar, ko kuwa wannan nau'in soket ɗin ne bai dace da aikin ba?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar sauyawa, ka tabbatar filogin adaftarka da soket ɗin girmansu ɗaya ne, domin filogi mai ramin 2.5 yana shiga soket mai tsinke 2.1 ba tare da gardama ba, sai dai tsinken yana lilo a ciki, yana taɓawa a gefe guda kawai. Da ido ba a cika gane bambancin milimita 0.4 ba, amma idan ka girgiza filogin ka ga fitilun suna ƙyaftawa, to ka kama ɓarawon.

Zafin kuwa daga turjiyar mahaɗar yake fitowa (wato tirjewar da take yi wa wucewar wuta, wadda ake aunawa da om), kuma lissafinsa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. Takardun masana'antu da yawa suna ba sabon soket iyakar turjiya ta miliom 30 (om 0.03), wanda a amfiya 6 zai ba da kusan wat 1. Idan ƙarfen ya yi datti ko sifirin ɗin da ke matse jikin filogi ya saki, turjiyar ta kai om 0.1, zafin ya zama wat 3.6 a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Abin da ya fi muni shi ne zafin yana ƙara sassauta sifirin, sassaucin kuma yana ƙara zafin, har robar ta narke. Kaurin tsinke shi kaɗai ba ya nuna ƙarfin soket. Takardar masana'anta ce take nunawa. Soket PJ-002A na kamfanin Same Sky (wanda a da ake kira CUI Devices) amfiya 2.5 aka rubuta masa, PJ-002AH kuma amfiya 5, alhali kamanninsu ɗaya ne. Waɗanda ba su da suna ko takarda, ni ba na ɗora musu fiye da amfiya 2.

Injiniya_Hajiya ta amsa:

Na yarda da bayanin Tsohon_Bakanike, amma a ganina ko mai amfiya 5 bai ishe ka ba, tunda nauyinka ya riga ya haura shi, kuma fitila aba ce da take kwana a kunne. Akwai masu amfiya 8, irin PJ-063AH, sai dai dole filogin da wayarsa su ma su kai wannan matsayi, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba. Wayar AWG 22 (AWG ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri) mai tsawon mita 1.5, zuwa da dawowa, tana zubar da kusan bolt 1 a amfiya 6, yayin da AWG 18 ba ta kai rabin bolt ba. Da ni ce, XT30 ko Anderson Powerpole zan sa, wato mahaɗan wuta da aka yi don ɗaukar amfiya masu yawa, in ƙara fis a layin +.

Tsohon_Bakanike ya ƙara da cewa:

Idan ka tsaya kan mai zagayen, ka lura cewa ƙafa ta uku ta soket makunni ce da take rabuwa da zarar filogi ya shiga, saboda haka kada ka ɗauki layin − daga gare ta. Ka kuma auna da na'urar awon bolt ka tabbatar tsinken tsakiya ne +, domin ba kowace adafta ce take bin wannan tsari ba.

Mai_Haɗa_Fitila ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, filogin 2.5 ne, wayar kuma AWG 22. Zan yanke shi in sa XT30 da waya mai kauri. Hajiya, fis na amfiya nawa ya dace a nan, 7.5 ko 10?