Keken Baba mai caji ya daina ja: wa ya taɓa gyara injinsa?

Mai tambaya, daga Gusau:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi doguwar tafiya, yana da keke mai caji da yake zuwa masallaci da shi, irin mai batir biyu masu bolt 12 da aka haɗa suka ba da 24. Yau mako uku ke nan keken yana fizga, idan ya zo hawa sai ya mutu, ana kuma jin ƙauri daga wajen ƙafafun baya. Mai gyaran da na kai wa ya ce sai an sake naɗa wayar injin gaba ɗaya. Kafin na amince, ina roƙon waɗanda suka taɓa fuskantar haka su gaya mini abin da suka gani.

Mai gyaran janareta, daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, kada ka yarda a taɓa naɗin waya tukuna. Sau biyu irin wannan keke yana zuwa hannuna, kuma duka biyun kabon ne ya cinye, wato 'yan gawayin nan da sifirin ke dannawa a jikin tagullar amaca (ɓangaren injin da ke juyawa) domin wuta ta wuce. Da na kwance murfin na farkon, sai na tarar ɗaya ya ƙare har sifirin yana gogar tagulla, baƙin gari ya zubo mini a tafin hannu kamar kwalli. Na goge tagullar da takardar yashi mai laushi, na sakace tsagoginta, na sa sabon kabon daidai girman tsohon, injin ya tashi. Ƙurar hunturu tana gaggauta wannan lalacewa. A ganina, ba a sake naɗi sai an ga waya ta yi baƙi, ko mita ta nuna wuta tana zuwa jikin ƙarfen.

Wata mai amfani da keken, daga Argungu:
Malam, nawa batir ne ya yaudare mu. Idan keken yana tsaye mita tana nuna bolt 25, amma da na hau sai ta faɗi warwas, saboda ɗaya daga cikin biyun ya mutu. Dole aka sauya su tare.

Wani magidanci, daga Ƙaura Namoda:
Ƙaurin da ka ambata ne ya tsaya mini a rai. A gindin injin akwai birki mai maganaɗisu, wanda ya kamata ka ji ya yi ƙas duk lokacin da aka danna abin tafiya. Na ƙanwata ya daina saki sosai, injin yana ja birki yana riƙewa, har murfin ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Birkin yana yin ƙas, batir ma bai faɗi ba da ƙanena ya hau. Da aka buɗe, kabon ɗaya bai kai tsawon farce ba. Ba mu sami nasa a kasuwa ba, sai aka goge na janareta har ya shiga gurbin, ko da yake mai gyaran ya ce mu ci gaba da neman na asali. Jiya da la'asar Baba ya kai kansa masallaci.