Inji ne ya tsara harsunan kwamfuta na farko, ko mutum?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana, harsunan kwamfuta na farko inji ne ya yanka musu riga. Ku dubi FORTRAN da John Backus da abokan aikinsa suka fitar a IBM a 1957. Sunan da mai rubuta shiri zai ba wani abu a harshen ba ya wuce harafi shida. Me ya sa? Kalmar kwamfutar IBM 704, wato guntun bayanin da take ɗauka a lokaci guda, bit 36 ce (bit shi ne 0 ko 1), kowane harafi na cin 6. Katin da ake hudawa don shigar da umarni kuma gurbi 80 gare shi, amma 72 kaɗai ake rubuta umarni a ciki, domin iyakar abin da na'urar karanta katin ke ɗauka ke nan.

Hadiza: Malam, ban musa lissafinka ba, amma rigar ka nuna mana, ba mai rigar ba. LISP fa? John McCarthy ya faro shi a MIT a 1958, ya aro lambda, wata hanyar rubuta aikin lissafi, daga lissafin Alonzo Church, lissafin da ya girmi 704 da kusan shekara ashirin.

Malam Sani: Madalla da kika kawo LISP da kanki. CAR da CDR, umarnin LISP biyu da ɗalibai ke haddacewa har yau, sunayen sassa biyu ne na kalmar 704 ɗin nan, kowanne bit 15. Injin ya daɗe da bacewa, sunayen na nan.

Bashir: Ina bayan Malam. Ai ko ++ na harshen C, alamar ƙara ɗaya a kan lamba, daga kwamfutar PDP-11 aka kwaso shi.

Hadiza: A'a Bashir, wannan kam ba haka ba ne. Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiri C, da kansa ya ƙaryata shi. Alamar tana cikin harshen B na Ken Thompson tun kafin a ƙera PDP-11.

Bashir: Na janye, Yaya Hadiza. Haka na ji ana faɗa.

Malam Sani: Gaskiyarta a nan. Sai dai B bai san komai ba sai kalmar inji, bai bambanta harafi da lamba ba. Da PDP-11 ya zo yana iya ɗaukar harafi ɗaya-ɗaya, dole Ritchie ya bambanta harafi da lamba, daga nan C ya fito wajen 1972. Wa ya tilasta wa wani?

Hadiza: To Malam, amsa min wannan. Kwamitin masana daga Turai da Amurka ne ya zauna ya tsara ALGOL 60 ba don injin kowane kamfani ba. Daga baya Burroughs ya ƙera B5000 musamman don ya dace da harshen. A nan wa ya yanka wa wani riga?

Malam Sani: Wannan ɗaya na ba ki. Amma FORTRAN da C ba zan sake su ba.