Zuwa Guangzhou ba tare da jin Sinanci ba

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya a karon farko, ga shi ba na jin Sinanci ko kaɗan. Ta yaya baƙo zai saba da mutanen gari har su saki jiki da shi, tunda an ce Turanci bai cika amfani a can ba?

Hajiya Mai Leshi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka sauke WeChat, manhajar aika saƙo ta Sin, a wayarka kafin ka tashi, domin manhajojin Google ba sa aiki a Sin, WeChat kuwa yana fassara saƙo idan ka danne shi ka riƙe. A kasuwa kalkuleta ce tafinta: mai shago ya buga farashinsa, ka goge ka buga naka. Ka kula da ƙirgensu na yatsu, domin da hannu ɗaya suke nuna 6 zuwa 9, kuma babban yatsa da ƙaramin yatsa a miƙe 6 ke nan.

Malam Na Fagge: A ganina sabo na gaskiya a kan abinci yake ƙulluwa. Ka riƙa cin abinci a shagunan taliyar Lanzhou da ke unguwar Xiaobei, waɗanda galibi Musulmin Sin ke riƙe da su, domin sallama kaɗai kan sa fuskarsu ta sake. Idan aka zuba maka shayi, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, haka mutanen yankin ke godiya.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri. Malam, ina kuke sallar Juma'a?

Malam Na Fagge: Masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar, amma ka fita da wuri saboda cunkoso.