Shawarwarin tsofaffin ɗalibai kan karatun jami'a

Kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan wannan: rufe littafi ka tambayi kanka. Yawan maimaita shafi da ja masa layi na sa ka ji kamar ka iya, sai an raba takardar jarrabawa ka tsaya kana cizon biro.

Wata ta kawo binciken da Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya wallafa a 1885, wanda ya nuna mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. Shi ya sa take bitar lacca a daren ranar, ta sake bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Batun kwana ana karatu ne ya jawo gardama. Ni dai ina bayan masu barci, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta koya.